Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Kanwa Take Warkarwa Ba

A yawancin gidajenmu, in yaro ya ce cikinsa yana ciwo, abin da uwa take fara yi shi ne ta jiƙa masa kanwa. Sau da yawa akan dace, yaro ya yi gyatsa ko ya saki iska, ya koma wasa. Amma akwai wani ciwo da yakan fara kamar kumburin nan da muka saba, alhali kanwa ba ta taɓa shi, jinkiri kuwa yana iya kai mutum kabari cikin 'yan kwanaki. Shi ne ciwon afendis. Ya kamata kowane maigida da uwargida a Wudil da kewayenta su iya rarrabe biyun nan.

Mece ce afendis?

Wata 'yar jaka ce siririya, tsawonta kamar yatsa, tana liƙe da babban hanji a ƙasan ciki, ta hannun dama. Kowa da ita aka haife shi. In bakinta ya toshe, sai ta kumbura ta tara mugunya. In ba a kula ba, cikin kwana 2 ko 3 tana iya fashewa, ƙazanta ta watsu cikin ciki duka. Ciwon ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, amma bai bar yaro ko tsoho ba. Ko sarauta ba ya tsoro. A 1902, saura kwana 2 a yi bikin naɗin Sarkin Ingila, Edward na 7, sai da aka yi masa aiki saboda shi, aka ɗaga bikin daga watan Yuni zuwa Agusta.

Yadda za mu gane su

Kumburin iska yakan biyo bayan abinci mai nauyi, kamar ɗanwake, ko alale, ko wake da shinkafa. Ciwon yakan murɗa ya saki, yanzu yana nan, an jima yana can. In mutum ya yi gyatsa, ko tusa, ko ya zaga bayan gida, sai ya ji sauƙi. Ba zazzaɓi. Tafiya ma takan taimaka, kuma cikin 'yan awoyi ya wuce.

Afendis ba haka take ba. Ciwon yakan fara a wajen cibiya. Cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka sai ya sauka ƙasan ciki ta dama, ya kafe a wuri guda, yana ta ƙaruwa. Mutum ya ƙi abinci, ko da wanda ya fi so ne. Zuciyarsa tana tashi, wani lokaci ya yi amai, jiki ya ɗan yi zafi. Yakan kwanta shiru ya naɗe ƙafa, in ya tashi kuwa sai ya tafi a duƙe. A ce masa ya yi tari. In ya dafe gefen dama don zafi, wannan alama ce babba. Haka kuma in an ɗauko shi a babur, kowane rami da aka faɗa sai ya ji shi har ransa.

Ga wani tarko da ya cinye mutane da yawa. In jakar ta fashe, ciwon yakan lafa na ɗan lokaci, 'yan gida su ce an sami sauƙi. Ba da jimawa ba sai ciki ya yi tauri kamar katako, zazzaɓi ya hau. Ƙananan yara, da tsofaffi, da mata masu juna biyu kuwa, alamunsu ba kullum suke bin wannan tsari ba, saboda haka su kada a jira da su ko kaɗan.

Abin da za mu guje wa

Kada a ba shi filasko ko wani maganin wankin ciki, gama yana iya sa jakar ta fashe. Kada a gasa cikin da ruwan zafi, kada a kai shi wurin wanzami a yi tsaga. Kada a ba shi abinci, domin mai yiwuwa a yi masa aiki a ranar. Kada kuma a yi ta sayen ƙwayoyi a kemis ana cewa bari mu ga gobe. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

In ciwo ya kafe a wuri ɗaya, ya kai awa 6 yana ƙaruwa, a nufi Babban Asibitin Wudil ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. In ya zama dole, za su tura shi Kano, tafiyar kamar kilomita 40, inda akwai Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita ne zai duba jini, ya ɗauki hoton ciki, ya san ko afendis ce, ko taifod ce ta huda hanji, ko ga mace ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Dukansu ba sa jira. Wanda aka cire wa afendis da wuri yakan koma gida cikin 'yan kwanaki, kuma rashinta ba ya hana shi noma ko haihuwa. Wanda tasa ta fashe yakan daɗe a kwance, kuɗin kuma ya ninka.

Rabon ikkilisiya

Mun sani abin da yake tsai da mutanenmu na ƙauyukan Garko, da Sumaila, da Gaya sau da yawa shi ne kuɗin mota da na aiki. Maigida yana jira ranar Juma'a ta zo ya kai akuya kasuwar Wudil, ciwo kuwa bai san ranar kasuwa ba. Zai yi kyau dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su ajiye ɗan asusu domin irin wannan rana, su kuma san mai motar da za a tasa da dare.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Mu kira fasto ya yi addu'a, amma a yi ta ana cikin tafiya. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare iyalanmu.