Rana tsaka, gida ba wuta: kafin a haɗa sola da layin kamfani

Cikin watan Afrilun da ya gabata, a tsakiyar bazara, kawuna ya kira ni daga Maraɗi ransa a ɓace. Ya sayar da shanu biyu ya kafa allunan hasken rana takwas bisa rufin gidansa, aka haɗa su da layin kamfanin wuta, babu batir. Sai ga shi ranar da aka ɗauke wuta da azahar, rana na dukan allunan kamar ta narkar da su, fanka ta tsaya, firij ya yi shiru. "Kai ɗan nan," in ji shi, "an cuce ni. Amma akwai wani yaro a unguwa da ya ce zai gyara mini ta daina ɗaukewa." Na ce: "Kawu, don Allah ku dakatar da yaron nan sai mun yi magana."

Irin wannan koke ya yawaita tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a sa'ilin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a maido da ita ba sai a Maris 2024, kuma a tsakanin nan duk mai hali ya ɗaga kai ya dubi rufinsa. Aiki da rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya yi shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana a Yamai. Akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Goru Banda mai megawat 30 tun 2023. Sai dai waɗannan injiniyoyi ke tsaronsu, rufin gida kuwa magidanci ne da wanda ya kafa masa.

Abin da ya faru a gidan kawu ba lalacewa ba ne. Allo yana ba da wuta mai gudu hanya ɗaya, kayan gida kuma suna aiki da mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Na'urar da ke juya ta farko zuwa ta biyu, wadda masu sana'a ke kira ondiler, idan irin ta layi ce, takun wutar kamfani take bi. Da zarar layi ya mutu, an gina ta ta kashe kanta cikin daƙiƙa biyu ko ƙasa da haka. Dalili kuwa rai ne. Ma'aikacin da aka tura gyara ya katse layi daga can, ya hau turke da yaƙinin babu wuta a wayar. Idan wani gida na ci gaba da tura wuta waje, wayar nan a raye take. Abin ya fi haka muni, domin taransifoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da dubban bolt zuwa 230, haka za ta ɗaga 230 ɗin gidanka zuwa dubbai. Mutumin da ke bisa turken yana da iyali da ke jiransa, bai kuwa san sunan mai gidan ba.

Dabarar yaron ita ce ya jona ƙaramin ondiler mai batir kai tsaye cikin wayoyin gida, don babban ya zaci layi na nan. Bai yi maganar raba gidan da layin titi ba ko kaɗan. Wanda ke son wuta lokacin ɗaukewa, hanyarsa ita ce ondiler mai haɗa biyu, wanda ke aiki da layi da batir, yana kuma yanke gidan daga titi kafin ya ciyar da shi. Mai janareto ma haka: sai da makunnin sauya layi, wanda ba ya barin hanyoyin biyu su haɗu.

Matsala ta biyu ta aljihu ce. Da rana yara na makaranta, allunan na ba da fiye da buƙata, rarar sai ta bi waya ta fita ta konter, wato ma'aunin da kamfani ya kafa. Konteroci da yawa na katin biya kafin sha ba sa bambance mai shiga da mai fita, duk abin da ya ratsa su ci ne. Sai mutum ya ga katinsa na ƙarewa da sauri fiye da kafin ya sayi sola: ya ba da wutarsa kyauta, an kuma caje shi kuɗinta. Maganin shi ne a saita ondiler kada ya fitar da komai waje. Yana yin haka ne da wani ɗan zobe da ake maƙala wa wayar shigowa, mai alamar kibiya a jikinsa. In aka juya kibiyar, na'urar za ta karanta shiga a matsayin fita, lissafi ya rikice. Wannan kuskure na minti ɗaya ya sa an zagi na'urori masu lafiya ba adadi.

Tsohon konter mai faifai kuwa yana iya juyawa baya, wasu har murna suke yi. A ganina babu abin murna a nan, domin rage lissafi ne ba da yardar mai shi ba, kuma haƙƙi ne. Konter da hatiminsa da wayar da ke gabansa ba na mai gida ba ne. A Nijar an kafa hukumar sa ido kan makamashi, ARSE, a 2015, aka kuma fitar da dokar lantarki mai lamba 2016-05 a watan Mayun 2016, wadda ta shafi har mai samar wa kansa wuta. Saboda haka kafin a jona komai, a je ofishin NIGELEC da takardar ondiler da adadin ƙarfin allunan, a nemi amsa a rubuce. Ƴan'uwa na Kamaru da Cadi da Benin su ma su tambayi nasu kamfanonin, don kowace ƙasa da ƙa'idarta.

Sauran koke-koken sun fi sauƙi. Lambar da aka rubuta a bayan allo an auna ta ne a zafin digiri 25. A bazara allo kan kai digiri 65, kuma kowane digiri na ƙari na cin kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100, don haka allo mai wat 550 in ya ba da 470 bai yi laifi ba. Ƙurar hunturu na rage fiye da haka in an bar ta. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya ko tankin ruwa na iya raunana jerin duka. Ondiler da ke ɗaukewa kullum da tsakar rana alhali akwai layi, sau da yawa wayarsa ce ta yi siriri ko ta yi tsawo, ƙarfin wuta ya haura iyakar da aka sa masa, wajen bolt 253. Ko kuwa an rataye shi inda ba ya shan iska.

Abu ɗaya ne ba na son kowa ya gwada da hannunsa. Alluna takwas a jere sun kai kusan bolt 400 muddin akwai haske, ko an kashe komai a cikin gida. Kada a zare mahaɗin wayarsu suna cikin aiki, kada kuma a yarda a sa musu makatsin wutar gida na yau da kullum, domin nasu daban yake. A tabbata an binne sandar ƙasa an haɗa ta da ƙarafan, an kuma ɗaure su da kyau kafin iskar farkon damina.

Kawu bai ji daɗin bayanina ba, don ya nuna sai ya ƙara kuɗi. Ya yi kwana uku bai kira ni ba. A na huɗu ya aiko a tambaye ni batir nawa zai riƙe firij da fanka biyu daga azahar zuwa la'asar, kuma wa na sani a Maraɗi mai takardar sana'a.