Dogon RNA da Yaɗuwar Ciwon Daji a Jikin Ɗan Adam

Ciwon daji, wanda ake kira sankara, ba kasafai yakan kashe mutum a inda ya fara tsirowa ba. Mafi yawan mace-macen da yake haddasawa suna faruwa ne bayan ƙwayoyinsa sun ɓalle, sun bi jini sun sauka a huhu ko hanta ko ƙashi. To, me ke ba su damar yin ƙaura?

Kowace ƙwayar halitta ta jiki tana ɗauke da kundin gado mai suna DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3. Daga wannan kundi ake kwafo saƙonni da ake kira RNA, waɗanda ake bi a ƙera furotin. Amma ɓangaren da ke ba da umurnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Daga sauran ma ana kwafo RNA, sai dai ba a ƙera furotin da shi. Wanda tsawonsa ya wuce haruffa 200 shi masana ke kira dogon RNA marar furotin.

Za a fahimci aikinsa idan aka dubi lambun albasa a Aliero. Mai ban-ruwa yakan buɗe wa wannan fangali ruwa, ya toshe wancan. Fangalin da ya toshe ya bari, ko da irinsa mai kyau ne, zai bushe. Haka wasu dogayen RNA suke buɗe wasu sassan DNA, su rufe wasu.

A 2003, masu bincike a Jamus sun gano wani mai suna MALAT1, wanda yake da yawa a sankarar huhu mai saurin yaɗuwa. A 2007 aka bayyana HOTAIR a Jami'ar Stanford ta Amurka, a ɗakin binciken Howard Chang. A 2010 kuma aka nuna cewa matan da HOTAIR ya yi yawa a sankarar mamarsu sun fi fuskantar yaɗuwar cutar. Dalili shi ne, HOTAIR yakan ja wani gungun furotin mai suna PRC2 zuwa sassan DNA da ke hana ƙwaya barin mazauninta, ya sa a toshe su. Da zarar an toshe, sai ƙwayar ta sami hanyar fita.

Wannan ilmi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin sankarar mama ita ce ta fi kama mata a ƙasar, sankarar furostet kuma, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, ta fi kama maza. Akwai dogon RNA mai suna PCA3 da yake ƙaruwa a sankarar furostet, kuma a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin fitsari da ke auna shi. Magungunan da za su danne irin su HOTAIR kuwa suna matakin bincike.

Saboda haka, babban makamin da ke hannu shi ne gano cutar kafin ta yi ƙaura. Macen da ta ji kumburi a mamanta, a Jega take ko a Maiyama, kada ta jira sai ya yi zafi, domin sau da yawa sankara ba ta ciwo da farko. Ta garzaya asibiti, daga can a tura ta manyan cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da ma Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.