Ɗan Aike Mai Rumbu: Kafa Na'urar Tsimin Intanet a Gida, da Misali Daga Ƙasar Arewa

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake kafa na'urar da Faransanci ke kira serveur mandataire, mai haɗe da cache, a cikin gida guda, sa'an nan a auna ko aikin ya cancanci wahalarsa a wurare irin su Dogondutsi da Tibiri. Malamin makaranta a Matankari, ko ɗalibin da bincike ya zaunar da shi a Gesheme ko Kore Mai Ruwa, galibi da akwatin wifi yake aiki, mai ɗauke da layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, kuma duk megan da ya ratsa akwatin da kuɗi aka saye shi. In mutum biyar na gida ɗaya suka sauko da abu ɗaya, sau biyar aka biya kuɗinsa.

Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, batun kalmomi ya ƙara nauyi. Ana iya fassara mandataire da "wakili", amma a ganinmu "ɗan aike" ya fi nuna aikin: kai ba ka zuwa kasuwa, shi ke zuwa ya kawo maka. Cache kuwa muna kiransa "rumbu", ganin cewa duk Ba'are ya san rumbun tsimi, inda ake ajiye hatsi kusa don kada a koma nesa a saye shi da tsada.

2. Yadda abin yake aiki

Dabarar ta girmi yawancin ɗalibanmu. A 1994 manhajar yanar gizo ta cibiyar CERN da ke Janeba ta riga ta iya wannan aiki. Squid, wadda za mu yi magana a kanta, ta samo asali ne daga shirin Harvest na jami'o'in Amurka, kuma Duane Wessels ya fitar da sigarta ta 1.0 a 1996. A lokacin hanyoyin sadarwa ƙunci gare su ko'ina, shi ya sa jami'o'i da kamfanonin intanet suka rungume ta.

Idan kwamfuta ta nemi wani fayil, ba ta zuwa wurin mai shi kai tsaye. Sai ta gaya wa ɗan aike. Shi kuma ya fara duba rumbu. In babu, ya sauko da fayil ɗin, ya miƙa, ya ajiye kwafi. In akwai, sai ya duba ko kwafin bai tsufa ba, domin mai shafi yakan haɗo kowane fayil da bayanin tsawon lokacin da za a iya riƙe shi, ta hanyar kanun Cache-Control ko Expires. In wa'adin ya wuce, ɗan aike ba ya sake sauko da komai nan take. Yakan tambaya ko abin ya sāke. In amsa ta zo da lamba 304, watau bai sāke ba, sai a ba da na rumbu, kuma abin da aka kashe bai wuce ƴan layukan rubutu ba.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Kwamfutoci biyar, kowace tana bukatar sabuntawa mai mega 400. Ba tare da rumbu ba mega 2000 za su tafi. Da rumbu kuwa 400 ne, sauran huɗun kuma su samu cikin saurin wifin gida, ko da rezon waje ya yi rauni.

3. Kafawa

Ana bukatar na'ura ɗaya da za ta zauna a kunne. Tsohuwar kwamfutar hannu ta isa, har ma tana da fa'idar batirinta in wuta ta ɗauke. Raspberry Pi ma yana yi, kuma na huɗu da bolt 5 da amfiya 3 yake aiki, abin da ƙaramin faifan hasken rana da batiri za su iya ɗauka. Wanda ya tuna yadda Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ba zai raina wannan batu ba. Sai dai a lura da abu biyu: Pi yana rage saurinsa in zafinsa ya kai digiri 80, wanda ba shi da wuya a ɗakin kwano cikin Afrilu da Mayu, kuma kada a ɗora rumbun a kan katin ƙwaƙwalwa, don yawan rubutu da yankewar wuta suna lalata shi. Faifan waje ya fi.

Bayan an girka Debian, sai a ba na'urar adireshin da ba ya sākewa, misali 192.168.1.2, domin in akwatin wifi yana canza mata adireshi kullum, ƴan gida za su riƙa neman ɗan aike inda ba ya nan. Daga nan a girka manhajar da umarnin apt install squid, a buɗe fayil /etc/squid/squid.conf, a tabbatar da waɗannan layuka:

http_port 3128
acl gida src 192.168.1.0/24
http_access allow gida
http_access deny all
maximum_object_size 1 GB
cache_dir ufs /var/spool/squid 20000 16 256

Layi na farko ƙofar da ake sallama ce. Na biyu ya fayyace su wane ne ƴan gida. Na uku da na huɗu jerinsu yana da muhimmanci, saboda Squid tana bin ƙa'idar farko da ta dace ne ta tsaya. In aka sa hani a sama, kowa ya hanu, in kuma aka manta da shi aka buɗe wa kowa, baƙo na iya aikata ɓarna da sunan mai gida. Layi na biyar shi aka fi mantawa: in ba a taɓa shi ba, Squid ba ta ajiye abin da ya wuce mega 4, alhali manyan fayiloli su ne dalilin aikin gaba ɗaya. Na ƙarshe ya ware mega 20000 a faifai. Umarnin squid -k parse yana duba kuskure, squid -z kuma yana gina ɗakunan rumbun. Abin da ya rage shi ne a shiga saitin kowace kwamfuta da salula a rubuta adireshin da lambar ƙofa.

4. Inda gizo yake saƙa

Duk bayanin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa ɗan aike yana ganin abin da ya ɗauko. A shekarun 1990 haka abin yake, domin kusan komai a buɗe yake tafiya ta HTTP. Yau ba haka ba ne. Hukumar Let's Encrypt ta fara raba takardun shaidar kulle kyauta a ƙarshen 2015, a Yulin 2018 kuma Chrome ya fara yi wa duk shafin da ba shi da HTTPS alamar rashin tsaro. Yanzu mafi yawan shafuka a kulle suke. A nan abin da ɗan aike ke yi kawai shi ne ɗaukar wasiƙa a liƙe: ya san gidan da za ta, ya san nauyinta, amma bai san abin da ke ciki ba, don haka ba shi da abin da zai zuba a rumbu. YouTube, Facebook, TikTok da WhatsApp, waɗanda su ne ke cinye megan gidaje da yawa, duk haka suke wucewa. Ƙari a kan haka, manhajojin salula da dama ba su ma kula da saitin ɗan aike.

Squid tana da hanyar ɓalle wasiƙar, wadda ake kira SslBump: a sa wa kowace na'ura takardar shaida ta gida, ɗan aike ya buɗe, ya karanta, ya sake liƙewa. Ba mu ba da shawarar wannan ba. Ta fuskar fasaha ribar kaɗan ce, domin tun Android 7 na 2016 manhajoji ba su amincewa da shaidar da mai waya ya ƙara da kansa, saƙonnin WhatsApp kuma tun 2016 a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Ta fuskar amana kuwa abin ya fi muni. A gidan da mai gida da iyalinsa da ƴan haya suke shan wifi ɗaya, wanda ke riƙe da na'urar zai iya ganin kalmar sirri da wasiƙun wasu. Ko ba a ɓalle komai ba, kundin /var/log/squid/access.log yana rubuta wace na'ura ta je wane shafi da wane lokaci. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, amma tun kafin a kai ga doka, ya kamata a gaya wa kowa cewa kundin yana nan.

Wannan kundi dai shi ne alƙalin aikin. A bar na'urar ta yi mako biyu, sa'an nan a duba. TCP_HIT na nufin daga rumbu aka ɗebo, TCP_MISS an je waje, TCP_TUNNEL kuwa wasiƙa ce a liƙe. A tara nauyin kowane rukuni, ba yawan layuka ba, tun da nauyi ake biya. A gidan da salula ta fi yawa, kusan duka nauyin a rukuni na uku zai faɗa, kuma mai gida zai gane cewa wuta kawai yake ƙonawa.

5. Inda rumbu yake da riba har yanzu

Sabunta manhaja shi ne babban wurin. Debian da Ubuntu suna raba kayansu ta HTTP a buɗe, saboda sa hannun da ke kansu ya isa ya tona jabu. Don wannan aiki apt-cacher-ng, mai sauraro a ƙofa ta 3142, ya fi Squid sauƙi, kuma layi ɗaya ake ƙara wa kowace kwamfuta. Malamin da ke gyara wa makaranta kwamfutoci goma a gidansa nan zai ga bambanci. Windows kuwa gutsure-gutsure take sauko da nata. Ana iya tilasta wa Squid ta ɗauko fayil ɗungurungum da umarnin range_offset_limit, amma hakan kan sa a sauko da abin da ba wanda ya nema, tsimi ya koma asara. Gara a kunna tsarin da Windows ke da shi tun siga ta 10, wanda ke barin kwamfutocin gida ɗaya su raba wa juna abin da ɗaya ta riga ta samu.

Ga kayan karatu, rumbun da aka cika da gangan ya fi wanda ke jiran abin da ya biyo ta hanya. Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, tana dunƙule Wikipediya a fayil guda; shirin Afripédia ya kai ta jami'o'in Afirka masu amfani da Faransanci tun daga 2012. Akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa. Ana iya sauko da su sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, a Yamai ko a Dosso, a ɗauko a faifai, a ɗora a kan na'urar nan da kiwix-serve. Daga nan duk wanda ya kama wifin gidan, a Dankasari yake ko a Dumega, zai karanta ba tare da an taɓa mega ko ɗaya ba.