Yatsa Ba Ya Hanzarta Gyaran Haƙori

Wanda aka sanya wa wayar gyaran haƙora, abu na farko da yake koya shi ne haƙuri, domin aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci har fiye. Watanni kan shuɗe mutum yana duba madubi, ya ga sauran haƙora sun fara shiga layi, amma wani guda ɗaya ya kafe a karkace. Daga nan sai dabara ta zo: bari in taimaka wa likita. Ana kallon talabijin ko ana latsa waya, babban yatsa yana kan haƙorin yana dannawa.

Dabarar tsohuwa ce. Celsus, marubucin Rumawa na ƙarni na 1 miladiyya, ya ba da shawarar a riƙa tura sabon haƙorin yaro da yatsa kullum idan ya fito a karkace. Sai dai shi bai taɓa ganin hoton ƙashin muƙamuƙi ba, mu kuwa mun gani.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kai-tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa, kaurinta bai kai rabin milimita ba, cike take da ƙananan jijiyoyin jini. Idan waya ta matsa haƙori a hankali, ba dare ba rana, shimfiɗar takan takure ta gefe ɗaya, ta miƙe ta ɗaya gefen. A gefen da ya takure, wasu ƙwayoyin halitta sukan narkar da ƙashi kaɗan-kaɗan su buɗe hanya. A gefen da ya miƙe, wasu kuma su gina sabon ƙashi su cike gurbin. Ke nan jiki ne da kansa yake sauya wa haƙori mazauni, waya ishara kawai take yi masa. Kuma jiki ba ya karɓar umarnin gaggawa: kimanin milimita 1 a wata, shi ne abin da aka saba gani.

Ƙarfin da ake bukata ma abin mamaki ne. Don karkato haƙori guda, littattafan fannin suna maganar nauyin giram 35 zuwa 60, wato kusan nauyin ƙwan kaza ɗaya ko ƙasa da haka. Shi ya sa tun shekarun 1970 likitoci suka rungumi wayar da aka haɗa da ƙarafan nikel da titaniyam, wadda ke matsawa a tausashe na tsawon makonni. Yatsan baligi kuwa, ba tare da ya yi wani yunƙuri ba, yana iya danna kilo guda ko fiye.

A nan matsalar take rabuwa biyu. Dannawar minti biyar ko goma ba ta kai ta tayar da aikin ƙashi ba, domin sai matsi ya ɗore sa'o'i da dama a kowace rana kafin jiki ya amsa. Idan an yi sa'a, an ɓata lokaci ne kawai. Idan kuma mutum ya nace, yana maimaitawa da ƙarfi a kan haƙorin da dama can waya take ja, sai jijiyoyin jinin shimfiɗar su toshe, wani sashenta ya mutu. Haƙorin zai tsaya cak har sai jiki ya kwashe mataccen naman, abin da kan ɗauki makonni. Sauri ya haifi nawa.

Mafi muni shi ne abin da madubi ba ya nunawa. Matsi mai yawa yana ƙara haɗarin jiki ya fara cinye bakin saiwar haƙorin kanta. Saiwar da ta gajarce ba ta sake tsawo, kuma sau da yawa babu ciwo, sai an ɗauki hoto ake ganewa. Haƙoran gaba na sama, waɗanda aka fi damuwa da kyansu kuma aka fi kai wa hannu, su ne suka fi fuskantar wannan. Akwai kuma janyewar dasashi idan an tura saiwa ta kusa fita daga siririn ƙashin da ke rufe da ita, da mutuwar jijiyar cikin haƙori, wadda alamarta ita ce ya fara yin duhu. Ɓallewar ɗan ƙarfen da aka manna a kan haƙori ko lanƙwashewar waya su ne ƙaramar asara, ko da yake wayar da ta lanƙwashe takan ja haƙoran maƙwabta zuwa inda ba a nufa ba.

Wasu ba sa tsayawa a yatsa. A Amurka da Turai an yi yayin ɗaura robar ɗaure kuɗi a haƙoran gaba biyu don rufe wushirya, wadda mu a nan ake yi wa mai ita kirari. Robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi a ɓoye. Mujallun likitanci sun kawo labarin yaran da suka rasa haƙoran gaba ta wannan hanya.

A ganina, likitoci ma suna da nasu kason. Mai jinya da ba a yi masa bayani ba, dole ya yi zargin an manta da haƙorinsa. Alhali sau da yawa da gangan ake ƙyale wani haƙori sai an samar masa fili, domin ba zai shiga inda babu gurbi ba. Ɗan girgiɗi da tsamin kwana biyu ko uku bayan an ɗaure waya duk cikin aikin ne, ba dalilin taɓawa ba ne.

Saboda haka idan haƙori ya ƙi motsi, ko ciwo ya yi tsanani, ko launinsa ya sauya, kada a jira ranar da aka sa, wadda yawanci sati 4 zuwa 8 ce. A koma wurin likita, a gaya masa gaskiya idan an taɓa dannawa, a kuma nemi ya duba saiwar a hoto.