Hidimar Sallah: Kuɗin da Take Ci da Sharar da Take Bari

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, shi ya sa kowace shekara Sallah ke matsowa da kusan kwana 11. A 2024 an yi Babbar Sallah a Najeriya ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Ga manomi a Bauranya da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, wannan lissafi ba na malamai kaɗai ba ne. A waɗannan shekarun layya ta zo ne daidai lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ga sayen iri, ga taki, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane rago da kowane buhu. Naira ɗaya ce, gona na nemanta, Sallah ma na nemanta.

Ragon da ya fi araha shi ne wanda ya tashi a gida. Matan karkara sun daɗe da sanin haka: a sayi ɗan tinkiya bayan Sallah, lokacin da kasuwa ta faɗi, a ɗaure shi a turke, a riƙa ba shi harawa da dusa da ƙasarin gero. Abincinsa daga gona ya fito, kashinsa kuma gona zai koma. Wanda ya jira sai ana jajibere ya tafi kasuwar Charanci ko Mai'aduwa, to ya biya kuɗin dabba, ya biya la'ada, ya biya mota. Malamai kuwa ba su ɗora wa kowa wannan nauyi ba. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, kuma tinkiya ko akuya ma ta wadatar idan ta cika sharuɗɗa. Gasar ƙaho da ake yi a ƙofar gida, tamu ce, ba ta littafi ba. Wanda bai samu ikon yankawa ba, ga watanda nan: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a kasa nama daidai wa daida. Sai dai a mazhabar Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabbar layya, don haka watanda hanyar samun nama ce kawai.

Bayan yanka, sai wuta. Ranar Sallah da washegari ana cin itace fiye da kima, a jihar nan tamu da ke cikin jihohi goma sha ɗayan da hamada ke yi wa barazana, waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ce ta amince da shirin a 2007, amma dashe ba ya kamo sara idan ana kayar da marke da ƙirya don gawayi. Karan dawa da totuwar masara da sassaben bedi sun isa babbaka da rabin suya. Gidaje biyu ko uku da suka haɗa tukunya a murhu ɗaya sun rage itace, sun rage mai. Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta shigo daga mahautan birane, wato babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya. Baƙin hayaƙin nan guba ne, yana manne wa nama, yana shiga ƙirjin yaran da suka kewaye wutar. Game da ajiya, ƙauyen da babu tabbacin lantarki bai rasa komai ba: naman da aka soya ya bushe a cikin kitsensa, ko aka kyafe, ko aka yi dambu da shi, yana kai makonni ba firji ba janareta.

Leda ce babbar matsala, domin ita ce ba a ganin tsadarta. A da, yaro kan ɗauki tuwon Sallah a akushi ko langa, an rufe da faifai, ya kai gidan gwaggo, a juye, a sa masa goro ko ɗan barka da Sallah a ciki ya dawo da shi. Kwanon ma saƙo ne, shi ya sa ba a mayar da shi haka nan. Yanzu kowane kason nama ledarsa daban, waina a leda, cincin a leda, ruwa a leda. Da yamma ta yi, iska ta kwashe su ta watsa a gonaki, ta rataye a ƙaya. Ledar da ta sha maiƙo da gishiri kuwa, akuya ba ta ƙyale ta, balle a ƙarshen rani da babu ciyawa. Ba ta narkewa a tumbi. Taruwa take yi ta dunƙule, dabba ta yi ta ramewa ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani a banza. Kowane mahauci yana da labarin ƙullin ledar da ya ciro. Wadda dabba ba ta ci ba, sai ta toshe magudana da ruwan farko, ko ta bi takin juji zuwa gona ta hana saiwa shiga ƙasa. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi doka a 2014, ko da yake mai zuwa kasuwar Maraɗi ya san doka daban, aiki daban. Uwargidan da ta aika rabo a kwano mai murfi ba ta jira majalisa ba.

Sauran abin da ya fita daga jikin dabba duk yana da wurin zuwa. Jini a haƙa masa rami a binne, kada ya tara ƙuda. Abin da ke cikin tumbi a kai juji a rufe da toka da ƙasa, taki ne na kyauta. Fata kuwa dukiya ce da ake asararta saboda gaggawa: wuƙa ta huda ta wajen fiɗa, ko a yar da ita a rana har ta fara wari. Mai layya ba ya sayar da fatarsa, sadaka yake yi da ita, kuma ƙungiyoyi irin su Izala kan tattara fatu duk shekara don ayyukansu. Idan an feɗe a hankali, aka zuba mata gishiri tun da ɗanyenta, za ta kai masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa a Kano da darajarta.

Batun tufafi bai buƙatar dogon bayani. Sabon ɗinki ga yara abin farin ciki ne, adashin da aka fara tun kaka yana ɗauke shi ba tare da bashi ba. Magidanci kuwa, shaddar bara idan ta ga wanki da bugu ta isa Idi. A Ƙaramar Sallah ma, zakkar fidda kai mudun Annabi huɗu ce ga kowane mutum, daga abincin da gari ke ci, kuma a Bauranya gero ne da dawa da masara, waɗanda ake ɗebowa daga rumbu a kai wa maƙwabci a ƙwarya kafin a tafi Idi.