Madarumfa: Yadda amosanin gaɓɓai ke raba tsofaffin makaɗa da tsirkiya

Da sanyin safiyar hunturu a Madarumfa, garin bakin tafki da ke kudu da Maraɗi, masunta kan murza hannuwa kafin su taɓa koma. Tsohon makaɗin gurmi ko molo ma haka yake yi, sai dai shi murzar ba ta isarsa. Yatsun sun sage, gaɓɓan sun kumbura, tsirkiyar da ya shekara da shekaru yana ci da ita ta fara gagararsa.

Wannan ciwo shi ake kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. Nau'in da ya fi yawa yana zuwa ne idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye. A hannu ya fi kama gindin babban yatsa da gaɓɓan ƙarshen yatsu, wato wuraren da makaɗi ke danne tsirkiya da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ke fama da shi, kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55.

Akwai kuma nau'in da garkuwar jiki ce ke far wa gaɓɓai. Yakan kama hannu biyu lokaci guda, sagewar safiya ta kai awa ɗaya ko fiye. Shi ba ya jiran tsufa, don haka matasa masu kaɗa jita ma ba su tsira ba, kuma idan aka yi jinkirin ganin likita yakan karkatar da yatsu.

Makaɗin gargajiya ba shi da fansho. Abincinsa na biki da suna ne, ranar da hannu ya ƙi, tukunya ta ƙi. Shi ya sa wasu ke dogara da ƙwayoyin rage raɗaɗi na masu talla. Yawan shan irin su diclofenac na iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, tramol kuma ya kama mutum ya kasa bari.

Amma ciwon ba lallai ya zama ƙarshen kiɗa ba. Les Paul, shahararren makaɗin jita na Amurka, amosani ya lalata masa yatsu, duk da haka ya ci gaba da wasa duk daren Litinin a New York har dab da rasuwarsa a 2009, yana da shekara 94. Sauya salo ya yi, ya rage yawan abin da yatsu ke yi.

Dabarun ba su da tsada: jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin kiɗa, motsa yatsu a hankali, hutawa tsakanin waƙoƙi, da amfani da tsirkiya mai laushi ko sassauta ta. Kumburin da ya ƙi sauka kuwa, na asibiti ne, a Madarumfa ko Maraɗi.

Ga 'ya'yan yankin da ke Kano, Legas ko Turai, kuɗin ganin likita na cikin abin da ya dace su aika gida. Ga matasan da ke kusa kuma, lokacin koyo da naɗar sauti a waya yanzu ne. Malam Maman Barka, gwanin gurmi na Nijar da ya rasu a 2018, sai da ya bi wani dattijo a yankin Tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram mai tsirkiya biyar, tun hannun dattijon na iya nuna masa.