Kayan keke suna suka tara: Inda ya kamata mai saye ya zuba kuɗinsa a Birnin Kudu da Gwaram

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka daɗe a jingine a zaure suka sake hawa hanya. A Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, ɗalibi da malamin makaranta da manomi mai ɗauke da buhu zuwa kasuwar Sara duk sun koma taka feda.

Sai dai keke na da tasa hidimar. Idan ka je wajen mai gyara ka ce a sa maka kaca ko boris, zai tambaye ka: mai araha ko mai kyau? A ido duk ɗaya suke, amma a kan hanya ake gane bambanci.

Ni ma na ɗanɗana. A daminar bara na zaɓi kaca mai araha, ba ta rufa wata biyu ba ta tsinke mini a kan hawa, na tura keken har gida, sannan na sake biyan kuɗin wata. Araha dai ba ta ado.

Matakan da kamfanoni suka tsara

A manyan kekunan tsere, wannan bambanci a rubuce yake. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921, ya daɗe yana jera kayansa hawa-hawa: Tourney a ƙasa, sai Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sannan 105 da Ultegra da Dura-Ace, waɗanda sababbinsu ke da giya 12. Kamfanin SRAM na Amurka ma haka yake da Apex da Rival da Force da Red.

Waɗannan sunaye sun fara shafar mu, domin kekunan gwanjo masu giya da ake saro wa daga Kano suna ƙara yawa. Ana samun lambar matakin a jikin ƙarfen da ke canza giya ta baya: R2000 na nufin Claris, R3000 Sora, R7000 kuwa 105.

Abin da mai saye ke biya a matakin sama shi ne rashin nauyi da santsin canza giya. Tsakanin cikakken saitin 105 da na Dura-Ace, bambancin nauyi bai wuce kusan rabin kilo ba, amma farashin ya ninka. Ga ɗan tseren da dokar duniya ta ce kada kekensa ya gaza kilo 6.8, wannan rabin kilon abin nema ne. Ga wanda zai ɗora buhun gero a kariya, ba shi da wani amfani.

Tsada ba ƙarko ba ce

Mutane da yawa na ɗauka cewa mafi tsada shi ne mafi juriya. Ba kullum ba. Yawan giya na tilasta a sirance kaca da haƙoran da take hawa, shi ya sa kacar giya 12 ta fi ta giya 8 siranta, kuma ta fi buƙatar wanki da daidaitawa. Wasu haƙoran Dura-Ace ma da ƙarfen taitaniyam ake yin su, wanda ya fi baƙin ƙarfe sauƙin nauyi amma ya fi shi saurin cinyewa.

Ƙurar hunturu da taɓon damina kuwa ba sa duba sunan kamfani. Idan yashi ya haɗu da mai a jikin kaca, sai ya riƙa gugar ƙarfen a hankali har ya cinye shi.

Ga kuma matsalar samun kayan canji. Kacar keke maras giya, kusan kowane mai gyara a bakin kasuwa yana da ita. Ta giya 11 kuwa, sai an yi aike Kano, keken na jingine ana jira.

Wannan ne ya sa tsohon samfurin nan mai taya inci 28, irin Raleigh na Ingila da Phoenix na Chaina da Hero da Avon na Indiya, har yau bai bar ƙauyukanmu ba. Yana da nauyi, amma kayansa na shiga na juna, kuma da sifana da guduma ake gama gyaransa.

Inda ƙarin kuɗi ke biya

Akwai wurare huɗu da bai kamata a yi musu rowa ba.

Na farko taya. Mai kauri ta fi jure tsidau da tsakuwa. Siririyar tayar tsere mai faɗin milimita 25 zuwa 28 don kwalta mai santsi aka yi ta, a burji kullum kana wajen mai faci.

Na biyu robar birki. Mai arahar takan taurare, ta daina kamawa da zarar ruwa ya taɓa ƙafar keken. A babbar hanyar da ta ratsa Birnin Kudu, inda tireloli ke wucewa dare da rana, wannan batun rai ne.

Na uku boris. Idan ba a ƙona ƙarfensa ya yi tauri ba, yakan fashe ya ɓata mazauninsa, ƙaramin gyara ya koma sayen sabuwar cibiyar ƙafa.

Na huɗu kaca. Idan ta miƙe, takan cinye haƙoran gaba da na baya. Ana iya gwada ta da abin awon tela: daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka tazara 24 ya kamata ta ba da inci 12 cif. Idan ta haura da kashi ɗaya cikin takwas na inci, lokacin canji ya wuce.

Hattara da jabu

Suna a jikin kwali ba shaida ba ne, domin ana kwaikwayon kayan manyan kamfanoni, musamman kaca. Na gaske ana buga tambarinsa a jikin ƙarfe sarai, gefensa ba kaifi, kuma farashinsa ba ya faɗuwa ƙasa warwas.

Idan keken gwanjo za ka saya, kada sunan Ultegra ko 105 ya ruɗe ka. Ka juya ƙafafun ka saurari ko akwai gurnani, ka duba ko haƙoran sun yi tsini, ka canza giya ɗaya bayan ɗaya. Claris mai lafiya ya fi Ultegra da ya gaji. Kafin ka miƙa kuɗi kuma, ka tambayi mai gyaran unguwarku ko yana da kayan wannan keken a akwatinsa.